ZAƁEN MAKANKARIN KWAƁI DOMIN MASU YIN BURODI A GIDA

Yin burodi da sauran kayan fulawa a gida ya zama ruwan dare a birane da ƙauyukan ƙasar nan. Wasu matan aure suna yi ne domin cin iyali, wasu kuwa sun mai da shi sana'a, suna kai wa masu shayi da 'yan makaranta da masu ƙananan kantuna. Duk wadda ta fara wannan aiki takan sa hankalinta ga manyan kaya, watau tanderu da kwanonin gashi da sikeli, ta manta da wani ɗan ƙaramin abu wanda ma'aikatan gidan burodi ba su rabuwa da shi tun daga asuba har su tashi aiki. Wannan abu shi ne makankarin kwaɓi. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma rashinsa, ko kuwa sayen maras kyau, yana jawo asarar gari da taurin burodi, wani lokaci har da cuta ga iyali. An shirya wannan ɗan littafi ne domin a bayyana wa jama'a ko mene ne shi, da irin da ya dace da kowane aiki, da abin da mai saye zai duba kafin ya miƙa kuɗinsa.

MENE NE MAKANKARIN KWAƁI?

Kwaɓi dai shi ne garin alkama da aka haɗa da ruwa da yis da gishiri, aka murza har ya haɗe jikinsa. Makankari kuwa wani ɗan falle ne na ƙarfe ko na roba, wanda girmansa bai wuce tafin hannun babban mutum da yawa ba. Ana riƙe shi da hannu ɗaya a kankaro kwaɓi daga jikin kwano ko daga kan tebur, a ɗaga shi, a juya shi, a kuma yanka shi kashi-kashi.

Aikinsa ba baƙo ba ne ga matan Hausawa. Marar da ake kwashe tuwo da ita, a bi gefen tukunya da ita har a suɗe, 'yar'uwarsa ce ta kusa. A ƙasar Faransa, inda sana'ar burodi ta daɗe ƙwarai, sunan da masu burodi ke kiran makankarin kwano da shi ma'anarsa ita ce ƙaho, gama da ƙahon dabba ake sassaƙa shi a zamanin da, kafin a sami roba. Ke nan kowace al'umma da ke sarrafa abinci mai mannewa ta nemi wani abu mai faɗi da zai tsaya tsakanin hannu da abincin.

ABIN DA KE SA KWAƁI MANNEWA

Kafin mutum ya iya zaɓen kayan aiki, wajibi ne ya san halin abin da zai sarrafa. A cikin ƙwayar alkama akwai wasu sinadarai biyu na gina jiki, waɗanda masana ke kira gulutenin da giliyadin. Muddin gari yana bushe, kowanne yana zaune a wurinsa. Da zarar ruwa ya taɓa su, aka kuma motsa, sai su sarƙe da juna su zama wani danƙo mai talewa wanda ake kira gulutin. Wannan danƙo shi ke riƙe iskar da yis ke fitarwa, har burodi ya kumbura ya yi laushi. Gero da dawa da masara da rogo ba su da shi, shi ya sa ba a iya yin burodi mai tashi da su kaɗai.

A farkon murza, kafin danƙon ya gama haɗewa, kwaɓi yakan manne wa duk abin da ya taɓa. A nan ne wadda ba ta da makankari takan shiga matsala. Hannu ya kama, tebur ya kama, sai ta ɗebo gari ta barbaɗa. Bayan ɗan lokaci ya sake kamawa, ta sake barbaɗawa. Bari mu yi lissafi. Burodi irin na yau da kullum yakan so ruwa kimanin giram 600 zuwa 650 ga kowane kilo ɗaya na gari, watau kashi 60 zuwa 65 cikin ɗari na nauyin garin. A ce uwargida ta auna gari giram 1,000 da ruwa giram 650, sa'an nan wajen murza ta barbaɗa ƙarin gari har giram 200. Garin ya zama giram 1,200 ke nan, ruwa kuwa yana nan a 650. Ma'aunin ya sauka daga kashi 65 zuwa kashi 54 cikin ɗari. Gishiri da sukari da yis duk sun yi wa garin kaɗan. Abin da za a fid da daga tanderu shi ne burodi mai nauyi, mai ƙanƙanan ido, wanda zai bushe kafin gari ya waye.

Mai makankari ba ta bukatar wannan barbaɗe. Duk lokacin da kwaɓi ya kama tebur, sai ta zura bakin makankari ƙarƙashinsa ta ɗago shi ta ninke, ta ci gaba. Cikin 'yan mintoci danƙon zai haɗe, kwaɓin ya yi santsi, ya daina kamawa don kansa. Wannan shi ne babban amfanin makankari, kuma saboda shi ne ya cancanci a yi masa zaɓe na natsuwa.

Bukatar ta fi tsanani ga masu amfani da alkamar gida, irin wadda ake nomawa da rani a jihohin Kano da Jigawa da Kebbi da Borno, a kai inji a niƙo da dusarta. Dusa tana shan ruwa da yawa, tana kuma yayyanka danƙon, don haka kwaɓin yakan fi na farar fulawa mannewa. Haka nan masu gauraya garin rogo a cikin fulawa, dabarar da Cibiyar Binciken Masana'antu ta Tarayya da ke Oshodi a Legas ta daɗe tana aiki a kanta. Ko da kashi 10 cikin ɗari aka sa na rogo, an rage ƙarfin danƙon, kwaɓin kuwa sai an lallaɓa shi.

MAKANKARI IRI BIYU NE

Kuskuren da masu saye suka fi yi shi ne ɗaukar cewa makankari duk ɗaya ne. Iri biyu ne, kowanne da wurin aikinsa.

Na farko shi ne makankarin tebur. Yawanci da ƙarfe ake yin sa, mai kusurwa huɗu, bakinsa a miƙe, ga mariƙi a gefen sama. Tsawon bakinsa kimanin santimita 15 ne, watau inci 6, tsayinsa kuwa daga baki zuwa mariƙi santimita 8 zuwa 10. Ba ya lanƙwasa, ko kuwa yakan lanƙwasa kaɗan ƙwarai. Da shi ake yanka kwaɓi, a ɗaga shi daga tebur, a tattara shi ya zama dunƙule, a kuma kankare busasshen kwaɓi bayan an gama aiki.

Na biyu shi ne makankarin kwano. Da roba ake yin sa, gefe ɗaya a zagaye kamar rabin wata, ɗaya gefen a miƙe, ba shi da mariƙi. Yana lanƙwasa ya bi siffar kwano ko roba ko ƙwarya, ya suɗe duk abin da ke ciki. Gefensa na miƙe yana iya yanka kwaɓi mai laushi, ko da yake bai kai na ƙarfe ba.

Idan aka sa na ƙarfe a cikin kwano, kusurwoyinsa ne kaɗai za su taɓa jikin kwanon, su karce shi, su bar kwaɓin a wurinsa. Idan kuma aka sa na roba ya kankare busasshen kwaɓi a tebur, sai ya lanƙwashe ya wuce ta sama. Saboda haka tambayar farko da mai saye zai yi wa kansa ita ce: a ina nake kwaɓi, kuma wane irin kwaɓi nake yi?

WANNE YA DACE DA WANE AIKI?

Masu yin abin da kwaɓinsa ke da ruwa-ruwa, kamar fanke da funkaso da alkubus da kek, aikinsu duk a cikin kwano yake ƙarewa. Makankarin roba shi ne nasu. Masu gurasa ma, da yake kwaɓinta mai laushi ne, sun fi bukatar na roba domin kwashewa da rabawa.

Masu yin abin da kwaɓinsa ke da tauri, wanda ake murzawa a tebur a shimfiɗa a yayyanka, kamar cincin da dubulan da donat, makankarin ƙarfe ne zai yi musu aiki.

Mai yin burodi kuwa tana bukatar duka biyun, gama kwaɓinta a kwano yake farawa, a tebur yake ƙarewa. In hali bai ba da damar sayen biyun a lokaci ɗaya ba, a fara da na roba mai ɗan ƙarfi, wanda ke da gefe ɗaya a zagaye ɗaya a miƙe. Ya fi araha, zai suɗe kwano, zai kuma iya raba kwaɓi kafin a sami kuɗin na ƙarfe.

Sai kuma a duba irin teburin da ake aiki a kai. Teburin katako mai ƙarfi, da na ƙarfe, da na dutse, duk suna jure bakin ƙarfe idan an kwantar da shi ba a caka kusurwa ba. Amma tebur mai rufin fomika, da tiren gashi mai shafen nan na hana kamu, da kwanon tangaran ko na fenti, ƙarfe yana karce su. Karcen ya ɓata kayan, ya kuma zama maɓoyar datti, wani lokaci ma ɓarɓashin shafen ya shiga abinci. A irin waɗannan wurare roba kaɗai za a yi amfani da ita.

ABIN DUBAWA A MAKANKARIN ƘARFE

Ƙarfen da ya dace da abinci shi ne maras tsatsa, wanda a kasuwa ake ce wa silba. Wani masanin ƙarafa mai suna Harry Brearley ne ya samar da shi a garin Sheffield na Ingila a shekarar 1913. Asirinsa shi ne wani ma'adini mai suna kuromiyam da ake gaurayawa da baƙin ƙarfe, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Kuromiyam ɗin yana haɗuwa da iska ya yi wata siririyar fata da ido ba ya gani, ita ke hana tsatsa. A jikin mai kyau akan ga an buga kalmar Turanci ta stainless, wani lokaci tare da lamba 18/8, ma'ana kashi 18 kuromiyam, kashi 8 kuma wani ma'adini mai suna nikel.

Mutane da yawa suna gwada ƙarfe da maganaɗisu, su ce in ya kama to jabu ne. Wannan gwaji ba abin dogara ba ne. Gaskiya ne mai lamba 18/8 ba ya kama maganaɗisu sosai, amma akwai wasu nau'o'in ƙarfe maras tsatsa, irin waɗanda ake wuƙaƙe da su, da ke kama shi, kuma ba jabu ba ne. Abin da ya kamata a guje wa shi ne baƙin ƙarfe da aka yi wa shafe mai ƙyalli a sama. Wannan ana gane shi a bakinsa da kusurwoyinsa, inda shafen ke fara ɓarewa, a ga launi dabam a ƙarƙashi ko ɗigon tsatsa. Goran ruwa kuwa, watau alminiyam, ba ya tsatsa, amma yana da laushi, bakinsa yakan lotse, yana kuma barin baƙin zane a jikin farin kwaɓi.

Kaurin ƙarfen ya zama kimanin milimita ɗaya. Wanda ya yi siriri da yawa zai lanƙwashe a kan kwaɓi mai tauri, wanda ya yi kauri kuwa ba zai shiga ƙarƙashin kwaɓi ba, zai riƙa tura shi gaba ne kawai. Baki kada ya yi kaifin wuƙa. Kwaɓi ba ya bukatar kaifi, danna shi ake yi ya rabu. Baki mai kaifi yana cin katakon tebur, yana kuma yanka yatsa wajen wanki. Wasu makankarai suna da zanen ma'auni na santimita da inci a bakinsu, abin da ke taimakon mai yanka cincin ta daidaita girmansa. In za a zaɓi irin wannan, a nemi wanda aka karta zanen a jikin ƙarfen, domin na fenti gogewa yake yi, kuma cikin abinci yake gogewa.

MARIƘI

Mariƙi iri uku ne, kuma a nan ne yawancin makankarai ke fara lalacewa.

Akwai na katako, wanda aka ɗaure da ƙusoshi biyu ko uku. Yana da daɗin riƙo, ba ya santsi ko hannu da mai. Aibinsa shi ne katako yana shan ruwa. A arewacin ƙasar nan iskar hunturu tana busar da shi ya tsage, a kudu kuwa, wuraren Legas da Fatakwal da Kalaba, damshi yana sa shi furfura. Kwaɓi yakan shiga tsagar da ke tsakanin katako da ƙarfe ya ruɓe a can.

Akwai wanda aka naɗe ƙarfen kansa ya zama mariƙi. Wannan ba ya karyewa, ba shi da mahaɗa, yana daɗewa ƙwarai. Sai dai naɗin yana barin rami kamar bututu. A duba a tabbata ramin yana da faɗin da ɗan buroshi ko tsinke mai tsumma zai shiga ya wanke shi daga wannan kai zuwa wancan.

Akwai kuma na roba da aka zuba a kan ƙarfen ya kama shi kam. In mahaɗar ta rufe ruf, babu tsaga, wannan ya fi sauran sauƙin tsabtacewa. In kuwa robar tana motsi a kan ƙarfen tun yana sabo, a ajiye shi a nemi wani.

ABIN DUBAWA A MAKANKARIN ROBA

Ba kowace roba ce ta dace da abinci ba. A jikin kayan roba akan buga wata alama mai kusurwa uku da lamba a tsakiya. Lamba 5, wadda akan rubuta PP a ƙarƙashinta, da lamba 2, su ne aka fi yin kayan abinci da su. Akwai kuma wata alama ta hoton kofi da cokali mai yatsu, wadda ke nuna cewa an yi kayan ne domin taɓa abinci. Robar da ba ta da wata alama, ga wari mai ƙarfi, ko launinta yana fita in an goga da jiƙaƙƙen tsumma, ba a san abin da aka narka aka yi ta da shi ba, kada a sa ta a abinci.

Game da lanƙwasa, a nemi matsakaici. A riƙe shi da hannu biyu a lanƙwasa. Mai kyau zai bi hannu, in an sake shi ya koma yadda yake. Wanda ya yi farin layi a wurin lanƙwasar, ya kusa karyewa. Wanda ya yi laushi kamar ganye ba zai iya ɗaukar kwaɓi mai nauyi ba. A tuna kuma roba ba ta shiri da wuta. Mai lamba 5 tana narkewa a zafi kimanin digiri 160 na ma'aunin Salshiyas, tanderun burodi kuwa yakan kai digiri 200 ko fiye. Kada a kankare tire mai zafi da ita, kada kuma a ajiye ta kusa da murhu.

GWAJI A KASUWA KAFIN BIYAN KUƊI

1. A tsai da bakin makankarin ƙarfe a kan wuri mai daidai, kamar gilashin kanti. In haske yana wucewa ta ƙarƙashi, bakin a karkace yake, ba zai kankare tebur ba.

2. A shafa yatsa a hankali a gefuna da kusurwoyi. Kada a ji tsini ko ƙaya-ƙayar ƙarfe ko ta roba.

3. A riƙe mariƙi a girgiza. Kada a ji motsi ko ƙara.

4. A riƙe shi kamar ana aiki, a danna a kan tebur. In mariƙin yana cin tafin hannu tun yanzu, to ina ga an raba kwaɓin burodi talatin?

5. A duba mahaɗa da ramuka. Duk inda farce ba zai shiga ba amma gari zai shiga, nan ne datti zai zauna.

6. A sansana na roba, a duba alamar da ke jikinsa.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Makankarin ƙarfe mai kyau yana iya shekara goma yana aiki, maras kyau kuwa damina ɗaya ta ishe shi. Amma tsada ma ba shaida ba ce, gama abin da ke sa makankari ya yi kyau ba ya wuce abubuwan nan da aka lissafa, kuma ido da hannu suna iya gane su.

ABUBUWAN DA BAI KAMATA A MAYE GURBINSA DA SU BA

Saboda neman sauƙi wasu sukan yanko makankari daga tsohuwar jarka ko bokiti. In jarkar ta man girki ce ko ta wani abinci, aka wanke ta sosai, aka goge bakin ya yi sumul, za ta iya tsayawa na ɗan lokaci. Amma jarkar da aka taɓa zuba maganin ƙwari, ko maganin ciyawa, ko man inji, ko fenti, haram ne ta kusanci abinci, ko sau nawa aka wanke ta. Roba tana shan waɗannan sinadarai, mai da ke cikin kwaɓi kuma yana iya jawo su waje.

Haka nan makankarin da masu fenti da magina ke aiki da shi. Ya yi kama da na burodi, ya kuma fi araha, amma yawancinsa baƙin ƙarfe ne mai tsatsa, wanda aka taɓa aiki da shi kuwa yana iya ɗauke da ɓurɓushin tsohon fenti mai dalma, dalma kuwa guba ce, musamman ga ƙwaƙwalwar yara. Guntun kwanon rufi da murfin gwangwani su ma a bar su, suna tsatsa, suna yanka hannu. Wuƙar ɗakin girki tana yanka kwaɓi, amma tana sare tebur, ita ma ta dakushe. Mara da sakaina suna iya suɗe kwano in babu wani abu, sai dai ƙwarya tana shan mai da ƙwai, ba ta wankuwa sarai.

RIBAR DA KE CIKINSA GA MAI SANA'A

Ga mai sayar da burodi, makankari abokin sikeli ne. A ce an haɗa gari giram 1,000, ruwa 650, sukari 60, mai 60, gishiri 20, yis 10. Jimla giram 1,800 ke nan, watau burodi 3 masu giram 600, ko ƙanana 30 masu giram 60. Da makankari ake yanka kowane kashi a ɗora a sikeli, a rage ko a ƙara ɗan guntu har ya daidaita. In da hannu aka fizge, danƙon yana yagewa, iskar da ta taru ta fice, girman kuma ya bambanta. Burodin da girmansa ya bambanta ba ya nuna tare, ƙarami ya ƙone, babba ya fito da ɗanye a ciki, mai saye kuma ya yi ƙorafi.

Akwai kuma abin da ake bari a jikin kwano. A ce giram 30 kacal ke makalewa kullum ana wanke shi ya bi ruwa. A wata giram 900 ke nan, a shekara kusan kilo 11 na kwaɓi. Wadda ke kwaɓi sau uku a rana sai ta ninka wannan sau uku, ta kwatanta da kuɗin makankarin roba guda ɗaya.

WANKI DA AJIYA

Mutane da yawa ba su san cewa ɗanyen gari yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta ba. Niƙa ba ta kashe su, zafin gashi ne ke kashe su. A shekarar 2016 a ƙasar Amurka, hukumomin lafiya sun gano mutum 63 a jihohi 24 da suka kamu da ciwon ciki mai tsanani wanda aka danganta da ɗanyen garin alkama. Saboda haka kada a bar yara su lashi makankari ko su ci ɗanyen kwaɓi, balle wanda aka sa wa ƙwai. Kada kuma a yanka gasasshen burodi da makankarin da ya taɓa ɗanyen kwaɓi sai an wanke shi.

Wajen wanki, a fara da ruwan sanyi. Ruwan zafi yana dafa sitacin da ke cikin gari, ya zama kamar koko ya ƙara mannewa. Bayan kwaɓin ya fita, sai a wanke da sabulu da ruwan ɗumi, a ɗauraye, a goge, a shanya. Kada a jiƙa mai mariƙin katako cikin ruwa. Kada a bar na ƙarfe ya kwana cikin ruwan gishiri ko ruwan bilic, gama ko ƙarfe maras tsatsa suna huda shi ƙananan ramuka. Tebur kuwa a fara kankare shi a bushe, a tattara ɓarɓashin a zuba a kwandon shara mai murfi, sa'an nan a sa ruwa. Kwaɓin da aka tura cikin magudanar ruwa yana toshe ta.

A ajiye makankari a cikin mazubi mai murfi, ko a rataye shi inda ɓera ba zai kai ba. Ragowar kwaɓi a tebur ko a jikin kayan aiki kiran ɓera ne da kyankyaso. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a shekarar 1969 a garin Lassa da ke cikin Jihar Borno ta yanzu, yana yaɗuwa ta hanyar fitsari da kashin wani irin ɓera idan suka taɓa abinci ko kayan abinci. Kankare tebur tas kowane dare yana cikin matakan rigakafi mafi sauƙi da kowane gida zai iya ɗauka.

Makankarin roba da ya yi zane-zane masu zurfi, ko bakinsa ya fara ɓantarewa, ya gama aikinsa, a jefar da shi. Na ƙarfe in bakinsa ya yi ƙaya-ƙaya ana iya goge shi da dutsen wasa wuƙa ya koma sumul. Wanda tsatsa ta ci, ko mariƙinsa ya tsage, a sake sabo.

A TAƘAICE

Mai kwaɓi a kwano ta sayi na roba mai lanƙwasa, mai alamar kayan abinci. Mai murza a tebur ta sayi na ƙarfe maras tsatsa, mai miƙaƙƙen baki maras kaifi, da mariƙin da ba shi da tsaga. Mai yin burodi ta nemi biyun. A gwada kaya a hannu kafin a biya, a wanke da ruwan sanyi tukuna, a shanya, a rufe. Ana roƙon malaman koyar da sana'o'in mata, da shugabannin ƙungiyoyin masu kayan fulawa, da duk wanda wannan ɗan littafi ya shiga hannunsa, su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, su kuma nuna musu gwajin nan shida da makankari a hannu.